Madakin da Ba Ya Cin Tumbi

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, in ta kai a ji.

To, ku matso. An yi wani gari, Dumbulwa, garin masu shanu. Mutane ne masu daraja, a faɗarsu. In sun yanka sa, tsoka kaɗai suke ci. Tumbi da hanji da huhu da saifa, duk a watsa wa ungulu a bayan gari. Wai abin da ya kwana kusa da kashi ba ya shiga bakin ɗan Dumbulwa. Ungulayen garin da ƙyar suke tashi sama.

Sai ruwa ya ɗauke. Shekara ta juyo, bai dawo ba. Rijiyoyi suka ƙafe, shanu suka dinga faɗuwa. Sarki ya kira Madaki Bagudu, ya ce, "Je ka nemo mana inda za mu koma, mai ruwa da ƙasar noma. In ka dawo hannu rabbana, sai dai mu soma haƙa kaburbura."

Gizo ya ce shi zai riƙe wa Madaki jaka. Ba tausayi ba ne. Gizo ya yi yawon duniya, ya san al'adar ƙasashen can: baƙon da ya ci a akushinsu ya zama nasu, sai a yanka masa gona. Wanda ya ture akushin kuwa, ba a sake miƙa masa. Madaki bai sani ba, Gizo kuma bai ga dalilin ɗora masa nauyin sani ba.

Suka tafi, suka tafi, suka kai garin mutanen dutse. Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo soyayyar fara da yaji.

Madaki ya leƙa. "Gizo, abin nan har da ƙafafu."

Gizo ya yi ƙasa da murya. "Ranka ya daɗe, wannan ba cimar manya ba ce. Kawo in rufa maka asiri."

Ya cinye, ya lashe yatsu. Mai gari ya ce, "Wanda ya ci namu ne. A nuna masa gonar gindin dutse. Kai kuma mai rawani, Allah ya kiyaye hanya."

Suka tafi, suka tafi, suka kai garin mutanen kogi. Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo miyar dodon koɗi da busasshen kwaɗo.

Madaki ya leƙa. "Gizo, abin nan kallona yake yi."

"Ranka ya daɗe, wannan ba cimar manya ba ce. Kawo in rufa maka asiri."

Ya cinye, ya sha romo. Sarkin ruwa ya ce, "Wanda ya ci namu ne. A nuna masa fadama. Kai kuma mai rawani, Allah ya kiyaye hanya."

Suka tafi, suka tafi, suka kai wani kwari kore shar, wanda zai ɗauki Dumbulwa da shanunta har a bar saura. Mai kwarin wata tsohuwar aljana ce, tana zaune gindin tsamiya tana juya tukunya. Farfesun tumbi ne da hanji, an wanke shi tas, ya sha citta da masoro. Ƙamshin ya bugi Madaki, cikinsa ya yi ƙara, har tsohuwa ta ji.

Ta ce, "Ɗan nan, sa hannu. In ka ci, kwarin nan naka ne da mutanenka duka."

Yanzu kam an faɗa masa baki da baki. Madaki ya naɗe hannun riga. Ya miƙa hannu.

Gizo ya ce, kamar da kansa yake magana, "Ni dai ba zan faɗa a gida ba. Sai dai in an tambaye ni."

Hannun ya tsaya. Madaki ya tuna fada, ya tuna mawaƙa, ya tuna yadda za a riƙa kiransa Madakin Hanji har jikokinsa. Ya ture akushin.

"Iya, na ƙoshi."

"Na ji ƙoshin naka tun daga can," in ji tsohuwa. Ta miƙa wa Gizo. Gizo bai bar ko romo ba.

Da suka koma gida, Madaki ya ce ya zaga duniya bai ga mutane ba, sai masu cin ƙazanta. Sarki ya ba shi alkyabba, don ya tsare mutuncin gari. Aka zauna da mutunci. Shanu suka ƙare. Tsofaffi suka bi su, sannan yara, waɗanda ba wanda ya tambaye su ra'ayinsu a kan tumbi.

Sauran suka ɗaure kaya suka nufi kwari. Suka tarar Gizo ya riga su, yana kan kujera, wuyansa ya yi kauri.

Madaki ya durƙusa gaban tsohuwa. "Iya, ko da sauran abin nan?"

Ta ce, "Da saura. Amma an riga an miƙa maka."

Gizo ya ce, "Iya, bar su, ni ba na ƙin mutane. Gonaki uku sun yi wa mutum ɗaya yawa." Ya raba musu fartanya. Suna noma, yana auna musu ɗan abin da zai hana yunwa kashe su. Har yau jikokinsu na can, sun iya noma ƙwarai.

Wanda ya raina abincin mutane, mutanen ya raina, kuma sukan gane. Yunwar da ta biyo baya kuwa ba lalle ta fara da shi ba.

Ƙurunƙus kan gafiya. In da ƙarya a ciki, ta Gizo ce, ni dai haka aka ba ni.