Lallen Gwaggo Tasalla

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari can da, ana ce masa Nomau. Ba malami ba ne, ba attajiri ba, igiya yake tufkawa. Maƙwabciyarsa, Gwaggo Tasalla, ta tashi tafiya Makka a ƙasa, zamanin da tafiyar sai an yi shekaru. Ta nuna masa wani ɗan itacen lalle a gindin danga, ko ƙugu bai kai ba.

"Nomau, uwata ce ta dasa shi. Amana na ba ka, har in dawo."

Ya ce, "Na karɓa, Gwaggo."

Ku saurara fa. Duk shekara sai ya datse shi don ya yi duhu, ya shanya ganyen, ya zuba a tulu, ya liƙe baki da laka. Ba ya taɓawa. Shekara bakwai, babu Gwaggo, babu labari.

Sai aka yi fari. Rijiyoyi suka ja baya, lallen gari duk ya ƙone. Nomau kuwa, in zai yi alwala, sai ya tsuguna a gindin lallen nan, ruwan ya sauka a kansa. Sau biyar a rana. Ko'ina ya bushe, shi kaɗai kore shar!

Ana haka bikin 'yarsa ya zo, babu lalle a kasuwa. Matarsa Kyallu ta ce, "Malam, amarya ba lalle? So kake a yi da mu a gari? Ga tulu bakwai kana gadi kamar hatsi!"

"Ba namu ba ne, Kyallu."

"Tsohuwar nan ta daɗe da rasuwa!"

"Wa ya kawo miki ta'aziyya?"

Yarinyar na ɗaki tana kuka, yana ji, har cikin ransa. Ya kalli tulunan, ya kau da kai.

Ranar kamu da hantsi, sai ga wata tsohuwa makauniya da sanda, tana shinshina iska. Lallen ya yi fure, ƙamshin ne ya jawo ta. Ta lalubi ganyen, ta ce, "Subhanallahi! Yana nan? Nomau, gidana ban gane ba, wannan na gane. A gaban Ka'aba na roƙa wa mai ba shi ruwa, Allah kada ya kunyata shi."

Ta sa aka fasa bakin tulunan, aka daka ganyen. Da hannunta ta kwaɓa, ta sa wa amarya. Kyallu kuwa sai hawaye.

Allahu Akbar! To, kun ji. Amana ba ta da ƙarama, kuma wanda ya riƙe ta Allah ba ya barinsa ya ji kunya. Ke da aka bar miki kaza, ke da kika ari turmi tun bara, mai abin ya yi nisa, amma Allah yana nan. Ku tashi ku duba abin mutane da ke hannunku.