Nonon da Gimbiya Sarnai Ke Watsawa

An yi wani sarki a ƙasar Farisa mai suna Arsalan, wanda sarkin Mongol ya aurar wa 'yarsa Sarnai domin tabbatar da sulhu. Wadda ta tashi a tantin gashin tumaki, tana sukuwa a filin da ido bai ganin iyakarsa, sai ga ta tsakanin katangu. Allah sarki, baƙunta ba daɗi!

Kullum da hantsi takan hau soro da ƙwaryar nono, ta watsa ludayi tara wajen gabas, inda ƙasarsu take. Fadawa kuwa, da bakinsu bai iya zama haka nan, suka ce sihiri take yi don ta jawo rundunar ubanta. Hukuncin sihiri kisa ne, kisanta kuwa yaƙi.

Sarki ya kira tsohon wazirinsa Burhanu, ya ce, "Ya kai waziri, in na tambaye ta a ce ƙarya ta yi mini, in na yi shiru a ce ta shanye ni. Ta ina zan riski gaskiya?"

Waziri ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, da ƙuruciya na yi fatauci a ƙasarsu, amma gani ya kori ji. Gobe sarki ya yi shirin tafiya, ya fita ta ƙofar yamma, in ya ɗan taɓa tafiya ya waiwayo."

Haka aka yi. Da sarki ya waiwayo, sai ya hango gimbiya ta juya wa gabas baya, tana watsa nono wajen da ya bi. Ya komo, ya tambaye ta dalili a gaban fadawa.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, a wurinmu in masoyi ya yi nisa, nono ake watsa masa domin hanyarsa ta yi fari. Ran da aka taho da ni, mahaifiyata ta bi raƙumina tana watsawa har ƙwaryarta ta ƙare, ta tsaya tana kallona. Shekara uku ke nan ita nake watsa wa, don kewarta ba ta sake ni ba. Yau ne kaɗai ta rasa rabonta, na kuma san za ta yafe mini."

Idon sarki ya cika da ƙwalla, fadawa suka sunkuyar da kai. Ya yafa wa waziri alkyabbarsa, ya kuma yi umarni daga ran nan a riƙa kai wa gimbiya ƙwarya biyu, don kada mahaifiyarta ta sake rasa rabonta.

Masu hikima sun ce, adalin sarki yakan tambayi al'adar baƙo kafin ya tambayi takobi.