Matar da Ta Yi Gaba da Rana a Kan Luwomi

Dalilin da ya sa luwomi yake ja wur tun yana ɗanye, sai ya nuna kuma ya koma ruwan ɗorawa, shi zan gaya muku yau, har da abin da ya sa kowane tsironsa ƙwaya ɗaya tak yake haifa. Ladiyo, cire yatsa daga kwalbar nan, kowa zai samu! Wannan abin mai zaƙi-zaƙi da tsami-tsami da na kawo muku tsaraba, da 'ya'yan luwomi aka yi shi. Luwomi ɗan tsiro ne, a fadamun ƙarshen arewacin duniya yake fitowa, ƙasar mutanen Sami, inda na yi aikin jinya. Makiyaya ne, suna kiwon wata irin barewa mai ƙaho kamar reshen itace, su sha nononta su ci namanta. A can idan sanyi ya shigo, rana tafiya take yi ɗungurungum, a yi wata da watanni ba a ga ƙyallinta ba. Idan zafi ya zo kuma sai ta ƙi faɗuwa. Tanimu, rufe bakinka, da idona na gani. Amma abin da zai biyo baya tatsuniya ce, ku riƙe ta a haka.

A zamanin da, luwomi cunkus yake fitowa a kan tsiro, kuma launinsa ɗaya ne daga farko har ƙarshe, ɗanye ja, nunanne ja. Mai tsinka sai ta kama ƙwaya ta ja a hankali. In ta zame daga 'yar hular ganyen da ke riƙe da ita ba gardama, ta nuna. In ta ƙi, a bar ta sai wani zuwan. Mata su cika gangunan katako, su nutsa su a idon ruwa mai sanyi, su shanya ganyen. Shi ne abin marmarinsu, shi ne kuma maganinsu a watannin duhu. A dama shi da nono a sha, a dafa ganyen a ba mai ciwon ciki.

To akwai wata mata sunanta Inga, mai jar hula, mai zafin nama, mai baki kamar barkono. Komai sai ta riga kowa. A rugarsu kuwa duk matar da ta fara nutsa gangarta, ita ake yi wa guɗa a shekarar. Wannan guɗar ta tsaya wa Inga a rai. Da luwomi ya cika fadama, sauran mata suna ta ja a hankali, ita kuwa sai ta sa hannu bibbiyu ta yi ta sharɓe, da nunanne da ɗanye da hula da ganye, fuu, cikin ganga.

Wata tsohuwa maƙwabciyarta mai suna Magga ta ce, "'Yata, wannan da kike zubawa ai bai saki hularsa ba."

"Iya, ja ne ko ba ja ba? A cikin ganga zai ƙarasa."

Ta riga kowa, aka yi mata guɗa, ta yi ta juyi a bakin ruwa tana gyara hula.

Sanyi ya shigo, rana ta tafi, duhun shekarar kuma ya yi tsawo fiye da kima. Sai ciwon duhu ya kama mijinta Aslak. Ƙaton mutum ne, mai ɗaukar ɗan barewa a kafaɗa yana waƙa. Dasashinsa ya kumbura yana zubar da jini, haƙora suka fara girgiɗi, ƙafafu suka yi tabo baƙi-baƙi, tashi ya gagara. Inga ta ce wannan mai sauƙi ne. Ta haƙo gangarta, ta fasa ƙanƙara, ta ɗebo, ta dama da nono. Aslak ya kurɓa ya yamutse fuska, ga tauri ga ɗaci. Ta ba shi yau, ta ba shi gobe, ciwo sai gaba yake yi. Magga ta kankare gindin gangarta ta kawo ɗan abin da ya rage, ya sha ya ɗan ji dama kwana biyu. Sauran gidaje kowa na da yara, kowa gangarsa ta kusa ƙarewa. Inga ta dubi mijinta, tsoro ya kama ta sosai, ta san in aka ci gaba a haka ba zai ga narkewar ƙanƙara ba.

Amma kun san mai zafin kai, ba ta taɓa ganin laifinta. Ta ce laifin Rana ne da ta tafi ta bar su.

Ana nan sai ranar dawowar Rana ta zo. Al'adarsu, a shafa mai a bakin ƙofa, a hau tudu, a durƙusa a yi mata sannu da zuwa kamar yadda kuke gaida kakarku. Kowa ya hau. Inga ma ta hau, amma ta tsaya ƙiƙam, ta naɗe hannu, ta juya wa mafitar Rana ƙeya.

Rana ta leƙo daga bayan dutse, ta ga kowa a durƙushe sai mai jar hula. Ta ce, "Ke! Wace ce..." Sai lokacinta ya ƙare, ta nutse. Ai a farkon dawowarta leƙe kawai take yi.

Washegari ta sake leƙowa. "Ke nake wa magana, mai jar hula! Ba a koya miki gaisuwa..." Ta sake nutsewa.

Inga ta ɗaga murya ta bi ta da shi, "Ba na gaida wadda ta gudu ta bar mutane da ciwo!"

Kai, a daren nan Rana ba ta yi barci ba don haushi! Da ta dawo ta ɗan ƙara daɗewa, faɗa ya kaure, wannan ta faɗa wannan ta mayar, mutanen ruga suna ta toshe bakinsu. Kullum Inga ta sauko tana huci, ta tarar da Aslak ya ƙara ramewa. Rannan ya kama gefen rigarta ya ce, "Uwargida, kina can kina cin nasarar faɗa, ni kuwa ina nan ina tafiya." Maganar ta soke ta. Ta fita bayan tanti ta yi kuka mai isarta.

Da Rana ta fito, Inga ta juyo ta fuskance ta a karon farko. Ta ce, "Iya, mijina zai mutu. Kin tafi, luwomi kuma ya ƙi yi mana magani."

Rana ta ce, "Au, yau na zama Iya? To saurara. Duk lokacin zafi kin taɓa ganin na kwanta? Tsaye nake a kan fadamarku ba dare ba rana, ina ɗura wa luwomi ƙarfina kaɗan-kaɗan don ya riƙe ku idan na tafi. Ina cikin ɗurawa kika zo kika sharɓe. Me kike so ki tarar a ciki?"

Inga ta ji kunya, amma bakin nan bai mutu ba. "To ta yaya mutum zai sani? Ɗanye ja, nunanne ja! Ke da kike da haske, ki rasa alamar da za ki sa?"

Maganar ta shige Rana. Can ta ce, "Je ki kawo gangar. Yi sauri, ba zan daɗe ba."

Wayyo, zo ku ga gudu! Inga ta gangara, ta ɗaura wa ganga igiya, ta ja ta cikin dusar ƙanƙara, tana zamewa tana tashi, hula ta faɗi ba ta ko waiwaya ba. Ta kai kan tudu tana haki, ta buɗe murfi ta ce, "Ga ta!"

Rana ta ce, "Ba na ganin ciki. Kin manta a ƙasa-ƙasa nake yanzu? Karkato min bakinta."

Ganga ga nauyi ga santsin ƙanƙara. Ta gwada a tsaye, ta suɓuce. Ta gwada a sunkuye, ta kusa kifewa. Gefen Rana kuwa ya fara taɓa dutse. Inga ta zube gwiwa bibbiyu a cikin ƙanƙara, ta rungume gangar a cinyarta, ta karkato bakin saitin Rana.

Rana ta ƙyalƙyale da dariya har tudun ya haskaka. "Ashe kin iya durƙuso!"

"Iya, ki yi dariyarki daga baya, don Allah ki duba ciki!"

Rana ta zura haskenta. Ƙanƙara ta narke, 'ya'yan luwomi suka yi laushi, jan ya yi ta washewa har suka ɗauki launin Rana kanta, ƙamshi ya tashi ya cika tudun. Mutane suka sa ihu, Magga ta rangaɗa guɗa.

Rana ta ce, "Ga alamar da kika nema. Daga yau ja yana nufin ina kan aiki, kada a taɓa. In ya ɗauki launina, na gama. Amma ina bin ki bashin gaisuwa. Ba sauran cunkus da za a sharɓe da hannu bibbiyu. Tsiro ɗaya, ƙwaya ɗaya, kuma a ƙasa-ƙasa. Duk mai so sai ya durƙusa. Kin yarda?"

"Na yarda, na yarda, ko sau nawa ne!" Ba ta ma jira Rana ta ƙarasa nutsewa ba, ta ciko ƙoƙo ta ruga gida.

Ta dama da nono mai ɗumi, ta tallafo kan Aslak ta ba shi. Ya kurɓa, ya tsaya, ya sake kurɓa, ya miƙo ƙoƙon a ƙara. Jini ya tsaya. Tabon ƙafa ya fara bajewa. Inga ta raba sauran luwomin ga duk gidan da ke da majinyaci. Wata safiya tana hura wuta sai ta ji ƙaras-ƙaras a bayanta. Ta waiwaya, ga Aslak zaune ya saci busasshen nama yana tauna da haƙoran nan da suke girgiɗi. Inga ta yi tsalle ta fito waje tana kiran mutane su zo su ga mijinta yana satar nama, tana dariya hawaye na zuba.

Da zafi ya dawo suka je fadama, suka tarar da luwomi yadda Rana ta faɗa, ɗaya a nan, ɗaya a can, wasu ja wasu ruwan ɗorawa. Inga ce ta fara durƙusawa. A shekarar ita ce ta ƙarshe wajen nutsa ganga, gwiwoyinta duk sun yi kanta, Aslak yana biye da ita yana riƙe mata kwando.

Shi ya sa har wa yau, in ka je fadamun ƙasar nan lokacin luwomi, za ka ga manya da yara, har da masu ji da kansu, suna tafiya suna durƙusawa, su tsallake ja su ɗauki ruwan ɗorawa. Wannan kwalbar da kuke lasa, kowace ƙwaya a cikinta sai da wani ya kai gwiwa ƙasa. To Ladiyo, miƙo cokalinki, amma fara gaishe ni tukuna.