Makulli Na Biyu

Akwai wata tela da 'yan gidansu ke kira Uwar Sauri, don ko shayi a tsaye take sha.

Ranar da ta fara ganin mutumin da ta aura, motarta ta kai gareji, ƙafar gaba tana ta gurnani. Shi ne bakaniken. Ya ɗaga motar da jak, ya girgiza taya, ya ce boris ɗin da taya ke juyawa a kai ya mutu. Sai ya zare makullin ya jefa a aljihu.

"Malam, guduwa zan yi ne?"

"Haka nake aiki, 'yar'uwa. Makulli ba ya komawa hannun mai mota sai na gwada ta da kaina."

Ta yi tsaki. Amma ta lura yadda ya goge hannunsa sosai kafin ya taɓa sitiyarinta.

Bayan aurensu, abu ɗaya yake roƙonta: in yana aikin motar, kada ta tayar da ita sai ya miƙa mata makulli. Kullum dariya take yi. "To, Sarkin Doka, na ji." Ba ta taɓa cewa ta yi alkawari ba, kuma tana da makulli na biyu a jaka.

Wata safiya ya canza boris na gaba da takalman birki a tsakar gida. Ya ɗaure tayoyi, ya sauke motar, ya zagaya wanke hannu. Ita kuwa wata da ta ba ta ɗinki tana ta kiranta a waya. Ta leƙo ta ga mota a kan ƙafafunta, ta ce ai an gama.

Abin da ba ta sani ba, sabon takalmi ba ya kamawa sai an tattaka birkin tukuna.

Ta ciro makulli na biyu ta tayar, ta sa ribas. A madubi ta hango 'yarsu Ƙarama tsugune a bakin ƙofa tana wasa da murfin kwalba. Ta taka birki, ya tafi har ƙasa, fayau.

"Saki ki sake takawa!" mijin ya ƙwala daga bakin famfo. "Sake! Yi ta yi!"

Ta yi ta takawa har birkin ya yi tauri. Motar ta tsaya, bambarta na shafar ɗankwalin yarinyar.

Yarinyar ta ɗago ta ce, "Umma, kin taka min murfina."

Bai yi faɗa ba. Ya ɗauke 'yar, kumfar sabulu na ɗiga daga hannunsa.

Matar ta fito daga motar. Ta saka makulli na biyu a aljihun rigarsa, inda na farko yake.

"Baban Ƙarama, na yi maka alkawari. Sai ka miƙo min da hannunka."

Darasi: Ganin aiki ya haɗu ba shi ne ya ƙare ba. Ku jira mai aiki ya ce ya gama, musamman in mai ƙaunarku ne ya ce ku dakata. Ku tura wa duk wani mai sauri da kuke so.