Gyangyaɗin Dagaci a Gona

Ku matso ku ji, jikokina. An taɓa yafe wa gonakin garinmu haraji, amma da sharaɗi: a gona ana iya kafa rumbu ko rumfa, ban da gidan kwana. Wanda ya saɓa, a rushe gininsa, haraji ya dawo kansa.

Inna Tasalla, tsohuwa mai ciwon gwiwa, ta yi 'yar bukka a gonarta don fakewa in ruwa ya sauko. Sai Dagaci Barau ya aika a kira ta. Ta iske shi a gonarsa, kwance ƙarƙashin rumfa yana minshari. Ta zauna tare da mutanensa har ya farka.

Ya ce, "Inna, an ce kin gina gida a gona."

"Wurin fakewa ne, ranka ya daɗe."

"To, kawo wanda zai rantse ba ki taɓa runtsawa a ciki ba. In babu, gobe a rushe."

Wa zai rantse a kan barcin wani? Inna ta ce, "Ni ban yi karatu ba, fahimtar da ni. Gyangyaɗin rana ma yana mai da wuri gida?"

"Duk inda mutum ya yi barci, gida ne."

"Ko ba bango?"

"Ko ba bango."

Ta dubi rumfa, ta dubi tabarma. "To, Allah ya sanya alheri a sabon gida. Tun azahar nake nan, ban so in ta da maigida ba. Gobe da wanne za a fara, naka ko nawa?"

Dagaci ya share yawun barci daga gemunsa. "Tashi ki tafi, Inna. Wurin fakewa ne."

Bukkar tana nan har yau, ta ɗan karkace kamar mai ita.