Allurar Tabawa a Jikin Barau

Ku ajiye wayoyin nan ku saurara, don in na gama sai kun yanke hukunci.

A wani gari an yi wani dattijo, Malam Barau, mutum mai zargin tsiya. Ko saiwa aka jiƙa wa iyalinsa, sai ya fara kurɓa kafin wani ya taɓa, haka ya gada wurin ubansa. Matarsa Tabawa na fama da ciwon sukari. Rannan likita ya sauya mata allurar insulin zuwa mai saurin aiki, wadda ake yi in ga abinci a gaba. Barau ya ce sam bai yarda da ita ba. Me take gaggawar yi a jikin matarsa?

Ya kira babban ɗansa Sallau, mai harkar injinan mota a Japan. Sallau ya ce ya kwantar da hankalinsa, ai a can ma lafiyayyun mutane ake gwada wa irinta, har wani abokin aikinsa Bajapane ya shiga gwajin, ya fito garau. Barau ya ce shi ke nan, ya kashe waya. Ran Alhamis, yana azumin nafila, cikinsa wayam, ya ɗirka wa kansa allurar, ya saɓa fartanya ya yi gona. Kai, taurin kai bai yi ba!

'Yarsa Kande, ita ke yi wa uwar allura. Da ta zo ta ga maganin ya ragu, ga tsinken allura a yashe, sai ta gane aikin ubanta ne. Ba ta tsaya tambaya ba, ta zura a guje har gona, ta tarar da uban a gindin ɗorawa, gumi sharkaf, jiki na kyarma, yana sambatu. Da ba ta lura ba, da sai dai a ɗauko gawa. Amma fa ita ta bar maganin a fili, kuma a hannunta ya ga yadda ake yi.

Maƙwabtan gona suka ce iska ce, a kawo hayaƙi. Kande ta kira Sallau. Shi ko yana jin bayani ya gane. Ya ce ba iska ba ce, sukarin jinin ne allurar ke zuƙewa, kuma ba ta jira. Japanawan da ake gwada wa, a kwance suke gaban likitoci, ana ɗura musu ruwan sukari ta jijiya. A ba shi zaƙi yanzu-yanzu, tun yana iya haɗiya. Da bai faɗa ba, da ana can ana turare. Amma ina wannan bayanin yake ranar farko?

Autansu Tanimu mai kiwon zuma ya sheƙo da gora. Barau ya datse haƙora, ya ce guba suka haɗa baki za su ba shi. Tanimu ma azumi yake. Ya lakaci zuman ya lashe a gaban uban, ya ce, "Baba, na ɗanɗana. Saura kai." Tsohon ya buɗe baki. Da ya ɗan dawo hayyacinsa, Tanimu ya ɗora shi a babur sai asibiti. Sai dai wannan Tanimun, shi ke ta zuga uban tun farko cewa maganin asibiti ba abin yarda ba ne.

Barau ya tashi. Amma Tabawa ta tsorata ƙwarai. Ta ce abin da ya kayar da namiji mai lafiya, ita ba za ta sake miƙa jikinta ga kowa ba, sai ga wanda ya ceci mijinta kuma ba shi da hannu a faɗuwarsa. Sallau ya baro Japan ya zo, su ukun suka zauna suna hararar juna. Ga tuwo ya huce, ga sukarinta yana hawa, ga allura a faranti.

To, ku gaya mini, wa zai ɗauka a cikinsu?