Mutum Arba'in da Uku na Malam Ƙasimu

Akwai wani malamin makaranta a Soron Ɗinki, wajen 1955, ana kiransa Malam Ƙasimu. Gwanin jifa ne a wasan kurket, wanda tsofaffin ɗaliban makarantar Midil ke yi a fili bayan Ƙofar Kabuga.

A wasan, ɗaya ke jefa ƙwallo, ɗaya ya buga da sanda. In aka cafe ta kafin ta taɓa ƙasa, mai sanda ya fita, kuma mai jifa ake lissafa wa, ba wanda ya cafe ba. Akwai shekarar da Ƙasimu ya fitar da mutum arba'in da uku. Ba wanda ya taɓa yin haka a ƙungiyarsu, kuma ko a wurin suna sai ya san yadda ya kawo zancen.

Sai ga Yero, saurayi daga Mandawari, wanda ya koyi saiti tun yana kiwo, wajen jifan shanu da hoge. Kafin wasan ƙarshe na shekara ya fitar da arba'in.

Ƙasimu ya daina cin abinci sosai. Matarsa Baraka ta ce, "Malam, yaron nan fa ɗan ƙungiyarku ne."

Ya ce, "Wannan jifa ne? Korar shanu dai."

"To shanun suna ta fita."

Ranar Asabar baƙi suka zo daga Zariya, kofin gasar na kan tebur. Yero ya fitar da biyu, ya kai arba'in da biyu. Mai sanda ɗaya ya rage wa baƙi. In ya fita, kofi ya zauna a Kano, Yero kuma ya kamo Ƙasimu.

Yero ya jefa. Mutumin ya buga, ƙwallo ta yi sama, ta gangaro a hankali daidai inda Ƙasimu ke tsaye. Ya ɗaga hannuwansa. Sai ya ɗan buɗe su, ta wuce ta tsakani.

Jifa biyu bayan nan baƙi suka cike makin da suke buƙata, suka ɗauki kofi.

Yero ya tako wurinsa, ya ce a hankali, "Yaya, rana ce ta shige maka ido?"

"Rana ce."

Yero ya dubi ƙasa. Inuwar Ƙasimu na miƙe a gabansa, rana tana bayan Ƙasimu. Duk filin sun ga haka.

Da shekara ta zagayo, 'yan ƙungiya suka riƙa wuce ƙofar gidan Ƙasimu a kan kekunansu ba sallama. Arba'in da uku ɗinsa ba a karya ba har ya tsufa, sai dai ba mai tambayarsa. Amma a unguwar, in yarinya ta saki kwano ya faɗi, uwarta takan ce, "Ke ma rana ce?"

Darasi: Mai hassada yakan tsare abin da yake tsoron rasawa, ya rasa mutuncin da ya sa abin ya yi daraja. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman waɗanda na baya suka fara kamowa.